Idan Kurtu Ya Kwanta Ciwo a Onne: Sharhi Domin Iyayen Sababbin Sojojin Ruwa

Duk lokacin da rundunar sojojin ruwa ta Najeriya ta fitar da sunayen waɗanda ta ɗauka, akan sami gidaje a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa da ke cika da 'yan barka. Bayan 'yan makonni sai murna ta koma zaman jiran waya. Idan kuwa labari ya iso cewa yaro ba shi da lafiya, yawanci guntunsa ne ke isowa: abokinsa ya kira a gurguje, ya ce an kai shi asibiti, layi ya yanke. Daga nan kowa sai ya ƙarasa labarin da bakinsa. Wani ya ce duka ne ya yi masa yawa, wata ta ce ruwan garin ne bai karɓe shi ba, wani ya ce jifa ce daga masu baƙin ciki, wani kuma ya ce a haɗa kuɗin mota a je a ɗauko shi tun da sauran numfashi.

Ciwo a sansanin horo ba baƙon abu ba ne a ko'ina cikin duniya, kuma mafi yawansa yana warkewa cikin kwanaki kaɗan. Abin da ke mayar da ƙaramin ciwo babba shi ne ɓoyewa da jinkiri, kuma sau da yawa daga gida ɓoyewar take samo asali.

Kalmomin da ake ruɗewa a kansu

Kurtu shi ne wanda aka ɗauka aikin soja amma bai gama horon farko ba. Idan suna da yawa a ce kurata. Ya bambanta da kadet, wato ɗalibin hafsa irin waɗanda ke karatu a NDA ta Kaduna. Kurtun sojan ƙasa an saba kai shi Defo ta Zariya, wadda take tun 1924. Na sojan ruwa kuwa Makarantar Horon Farko ta Sojojin Ruwa ake kai shi, a garin Onne da ke ƙaramar hukumar Eleme ta Jihar Ribas, kusa da Fatakwal, kuma horon yakan ɗauki kimanin wata shida. Iyaye da yawa suna zaton ɗansu yana cikin jirgi a tsakiyar teku. Ba haka ba ne: yana bariki a kan tudu, yana fareti da gudu da karatu da koyon iyo.

Sikbe shi ne ɗakin shan magani na cikin bariki. "An kai shi sikbe" ba daidai yake da "an kwantar da shi a babban asibiti" ba, domin har mai mura da mai bororo a ƙafa can suke zuwa. Kwamitin likitoci shi ne ke zama a kan wanda ciwonsa ya daɗe, ya duba ko zai iya ci gaba da aikin. Magaji kuma, a takardun soja, shi ne mutumin da kurtu ya rubuta sunansa domin a neme shi idan wani abu ya faru.

Yadda ɗan Jigawa ke samun kansa a bakin teku

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin aikin soja. Tun 1863 wani Bature, Kyaftin Glover, ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Legas, Hausa ta zama harshen bariki, kuma kakanni da yawa sun yi yaƙin Bama. Amma duk wannan sani na sojan ƙasa ne. Rundunar ruwa sai a 1956 aka kafa ta, harkarta kuma a bakin teku take. Ko da yake 'yan Arewa sun shugabance ta, irin su Murtala Nyako a 1990 da Awwal Zubairu Gambo ɗan Kano daga 2021 zuwa 2023, kuma yanzu tana da kwaleji a Dawakin Tofa, har yau a ƙauyukan Roni ko Gwiwa ya fi sauƙi a sami tsohon sojan ƙasa da zai ba uba labarin Defo fiye da wanda ya taɓa kwana a Onne.

Ga kuma nisa. Daga Kazaure mutum zai iya sammako ya je Zariya ya dawo ya kwana a gida. Onne kuwa ta haura kilomita 1,000, tafiyar yini da kwana ce. Mutanenmu da suka fi sanin hanyar su ne direbobin manyan motoci masu ɗauko taki da kaya daga tashar jiragen ruwan garin, kuma ba su shiga bariki, abin da suka ji a bakin titi shi suke kawowa.

Ana ɗaukar kurata daga kowace jiha bisa tsarin raba daidai. Mai takardar sakandare ana son shekarunsa su kasance tsakanin 18 da 22. Ke nan mafi yawansu yara ne da ba su taɓa yin wata guda ba tare da sun ci tuwon gidansu ba.

Me ke kwantar da kurtu

Na gaba-gaba shi ne zazzaɓin cizon sauro. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. A arewacin Jigawa zazzaɓin yana da lokacinsa, daga tsakiyar damina zuwa kaka. A yankin Neja-Delta kuwa, inda ruwan sama ke haura milimita 2,000 a shekara, ninki biyu da ɗoriya na abin da Kazaure ke samu, sauro ba ya hutu. Gwajin zazzaɓin ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin minti ashirin, maganinsa ƙwayoyin kwana uku, mai tsanani kuma allura. Wanda ya je sikbe ranar farko yakan koma fareti cikin mako. Wanda ya daure kwana huɗu yana gudu da zazzaɓi a jikinsa shi ne ake ɗauka ranga-ranga, yana amai, yana sambatu, wani lokaci har da jijjiga.

Na biyu zafi, kuma a nan iyaye suka fi musu. Za a ce, yaron da ya yi noma da kiwo a ranar Babura, wace rana ce za ta kayar da shi? Gaskiya ne zafin Afrilu a Babura yakan wuce digiri 40, abin da Onne ba ta cika gani ba. Sai dai zafinmu busasshe ne: gumi na fita yana bushewa, bushewar ce ke sanyaya jiki. A Onne iska a jiƙe take, gumi yana zuba amma ba ya bushewa, riga ta jiƙe sharkaf alhali zafin yana nan a ciki. Jiki yana buƙatar kwana goma zuwa goma sha huɗu kafin ya saba, shi ya sa makonni biyun farko suka fi haɗari. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har mutum ya fara rikicewa, ya daina gane umarni, ko ya yanke jiki ya faɗi, wannan shi ne bugun zafi. Ba raki ba ne, ba kuma iska ba ce. Maganinsa na farko a kwarara masa ruwan sanyi nan take, tun kafin a ɗauke shi zuwa ko'ina.

Akwai ɗan'uwan wannan ciwo da mutane ba su san shi ba, wato narkewar tsoka. Idan aka wahalar da tsoka fiye da ƙima, ga zafi ga ƙarancin ruwa, sai ta fara farfashewa, abin da ke cikinta ya shiga jini ya je ya cutar da ƙoda. Alamarsa ciwon cinyoyi da damatsa wanda ya wuce na gajiya, sanyin jiki, da fitsari mai kalar baƙin shayi. Yaron da ya shiga bayi da asuba ya ga wannan kala, ya yi shiru, ya haɗiyi ƙwayar ciwon jiki da ya ɓoyo a jakarsa ya fita gudu, ya ƙara wa ƙodarsa nauyi biyu, domin ƙwayoyi irin su diklofenak da ibuprofen suna takura ƙoda idan jiki ba ruwa. Iyayen da ke cusa wa yaro irin waɗannan ƙwayoyi da jiƙe-jiƙen ƙarin ƙarfi a jaka da niyyar taimako ya kamata su san haka.

Na uku cunkoso. Duk inda aka tara ɗaruruwan matasa daga jihohi 36 a ɗakunan kwana ɗaya, kowa ya zo da ƙwayoyin cutar garinsu, dole a yi mura da tari da ciwon maƙogwaro da gudawa da ƙazuwa. Wannan ba alamar talaucin ƙasa ba ne. Amurka, wadda ke horar da kuratan ruwanta a sansanin Great Lakes kusa da Shikago, ta daɗe tana fama da wata ƙwayar mura mai suna adenobairos. Ta fara ba kurata rigakafinta a 1971, da ya ƙare a 1999 cutar ta dawo da ƙarfi, sai da aka dawo da shi a 2011 ta lafa. Abin da ya fi ban tsoro cikin cututtukan cunkoso shi ne sanƙarau, wanda mutanen Jigawa ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. A Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ke kare nau'i biyar na cutar, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su. Duk matashin da ya samu wannan allura, ya tafi da katinsa.

Sai ciwon ƙafa: bororo daga sabon takalmi, targaɗe, da tsagewar ƙashin ƙwauri saboda gudu kullum. Tsagewar takan fara da ɗan zafi a wuri ɗaya, hutu ke warkar da ita, idan aka ci gaba da takawa ta zama karaya.

Akwai kuma ciwon da ba a gani a gwajin jini. Kewar gida, rashin barci, tsawa daga safe har dare, da baƙon abinci, suna iya taruwa su hana yaro ci da magana. Yawanci yana wucewa idan ya yi abokai. Idan bai wuce ba, ciwo ne na gaske mai buƙatar likita.

Ciwon da ya taho da shi daga gida

Kafin a karɓi kurtu ana yi masa gwajin lafiya, amma ba kowane ciwo gwaji ke kamawa ba. Asma, farfaɗiya, gyambon ciki, tsohuwar karaya, duk mai su yana iya wucewa idan ya ce ba shi da su. A nan ne gida ke shiga cikin lamarin. Aiki ya yi wuya, an sha wahalar cike fom da neman sa hannun mai tsaya masa da takardar ƙaramar hukuma, sai a ce wa yaro kada ya kuskura ya ambaci abin da ke tasar masa da sanyi. Wanda aka ba wannan umarni ba zai je sikbe ranar da ƙirjinsa ya toshe ba, domin zuwan zai tona asirin. Likitan da bai san tarihin yaro ba kuma zai ɓata lokaci yana laluben abin da uwarsa ta sani tun yana goye.

Batun rukunin jini na AS yana buƙatar natsuwa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da shi, kuma mai AS lafiyayye ne, ba mai amosanin jini ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1987 ya nuna kurata masu AS sun fi sauran haɗarin mutuwar farat ɗaya a lokacin horo, ninki-ba-ninki. Wani kuma na 2016, wanda ya duba sojoji kusan 48,000 bayan an tsaurara dokokin shan ruwa da hutu da sabawa da zafi sannu a hankali, bai ga bambanci a yawan mutuwa ba, sai dai narkewar tsoka ta fi yawa a masu AS da kimanin rabi. Abin fahimta a nan shi ne haɗarin yana raguwa idan an san da shi. Yaro ya san rukunin jininsa, kada ya yi wasa da ruwa, kuma kada ya yi gudun ƙure ƙarfi yana cikin zazzaɓi.

Ga wani abu da ya shafi yankinmu musamman. Yaran da suka tashi suna wanka a dam ɗin Kazaure ko a kududdufan damina suna iya ɗaukar tsargiya, wato fitsarin jini, wadda wasu ke ɗauka alamar balaga ce. Tana rage jini a hankali, yaro ya riƙa haki da wuri. Ƙwayar firazikwantel, sha ɗaya, tana maganinta. Gwajin fitsari da na jini a babban asibitin Kazaure ko na Babura kafin tafiya ya fi kowace tsaraba amfani, musamman ga 'yan mata, waɗanda ƙarancin jini ya fi yawa a cikinsu.

Shirun waya da masu cin kasuwarsa

Akan taƙaita wa kurata amfani da waya, musamman a farkon horo. Manufar ita ce a raba su da gida na ɗan lokaci domin su saba da sabuwar rayuwa. Saboda haka shiru kaɗai ba alamar ciwo ba ne.

Amma shirun nan kasuwa ce ga 'yan damfara. Salonsu sananne ne: baƙuwar lamba ta kira da dare, mai magana ya ce shi hafsa ne ko ma'aikacin jinya, ya faɗi sunan yaro daidai, ya ce yana kwance rai a hannun Allah, a tura kuɗin jini ko na tiyata cikin awa ɗaya. Sanin suna ba hujja ba ne, tunda jerin sunayen waɗanda aka ɗauka da jihohinsu a fili ake wallafa shi a intanet. Uba ya fita a ruɗe zuwa wurin mai POS, kafin gari ya waye an sayar da tunkiya. Rundunar ta sha nanata cewa ɗaukar aikinta kyauta ne, kuma kula da lafiyar wanda take horarwa nauyinta ne. Duk wanda ya nemi a tura kuɗin magani cikin asusun wani mutum, a ce masa ya haɗa iyaye da yaron su ji muryarsa, ko ya faɗi sunansa da muƙaminsa da ofishin da za a same shi. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Tsofaffin sojoji da yawa suna cewa wahalar ita ce horon. Wanda za a tura fadamun Neja-Delta ko bakin Tafkin Chadi a Baga dole a gwada juriyarsa, kuma idan aka buɗe ƙofar sikbe ga duk mai ciwon kai, rabin kurata can za su yini. Akwai gaskiya a ciki, domin masu laɓewa da ciwon ƙarya suna nan a kowane sansani. Sai dai wannan ra'ayi yana da illa idan ya wuce gona da iri: mai horarwar da ya saba ganin kowane mai kuka a matsayin malalaci zai iya tilasta wa mai bugun zafi ya tashi ya ci gaba da gudu. Rundunonin da suka rage mutuwar kurata ba sassauta horo suka yi ba, koya wa masu horarwa bambance gajiya da ciwo suka yi.

Iyaye mata galibi suna ɗaya ɓangaren: a dawo da shi gida, aikin ya tafi. Ba abin zargi ba ne uwa ta fifita ran ɗanta. Amma ɗauko mai zazzaɓi mai tsanani daga inda likita yake, a sa shi a mota yini da kwana, ya fi barinsa haɗari. Kuma wanda ya riga ya shiga ƙarƙashin dokar soja ba ya fita yadda ya ga dama. Barin bariki ba izini laifi ne a Dokar Rundunonin Soja, kuma tabon yana bin mutum.

Ra'ayi na uku shi ne na masu danganta ciwon da sammu ko iskokin ruwa. Addu'a da sadaka da saukar Alƙur'ani abin da iyaye za su iya yi ne daga nesa, kuma suna kwantar da zuciya, babu mai hana su. Inda matsala take shi ne a kira yaro a ce kada ya yarda a yi masa allura, wai ciwon ba na asibiti ba ne. Haka batun azumi: shari'a ta yi wa mara lafiya sauƙi ya sha ya rama, kuma jin haka daga bakin mahaifi ko malamin gida yana sauke wa yaro nauyin da shi kaɗai ba zai iya saukewa ba.

A ganina, kalmar da ta fi kowace tasiri ita ce wadda ake faɗa a tasha ranar tafiya. "Ka daure, namiji ba ya raki, kada ka dawo mana da abin kunya" magana ce ta ƙauna, amma yaro ɗan shekara goma sha tara yana jinta a matsayin doka. Da Baba zai ƙara da cewa, "In ka ji zazzaɓi ko ka ga fitsarinka ya sauya, ka je wurin likita ranar, ko da za a dawo da kai, gidanku ne," da an rage yawan masu daurewa har su faɗi.

Abin da ke biyo bayan ciwo

A tsarin soja, kurtun da ya kai kansa wurin likita yakan samu ɗaya daga cikin 'yan abubuwa. Ko a ba shi magani ya koma cikin 'yan'uwansa, wanda shi ne mafi yawa, ko a rubuta masa hutun fareti na wasu kwanaki, ko a kwantar da shi, ko a tura shi asibitin da ya fi girma. Rundunar tana da manyan asibitocinta a Ojo ta Legas da Kalaba. Idan jinya ta cinye wani babban ɓangare na horo, ko aka gano ciwon da bai dace da aikin ba, sai maganar ta je gaban kwamitin likitoci, kuma tana iya ƙarewa da sallama.

Sallama saboda rashin lafiya ba kora ce ta laifi ba, ko da yake a unguwa ba a cika bambancewa ba. Yaron da ya dawo da aski ƙwal, ba kaki, yakan shige ɗaki ya daina fita majalisa, kuma a irin wannan hali ne wasu ke faɗa wa ƙwaya. Takardar sakandarensa tana nan, shekarunsa suna nan, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ya kamata iyaye su karɓi takardar sallamar da bayanin likita a rubuce, domin jinyar da za a ci gaba da ita a gida.

Idan kuwa abin ya kai ga naƙasa ko rasa rai, tawakkali bai hana tambaya ba. Magaji yana da damar neman bayani a rubuce kan abin da ya faru da lokacin da aka kai yaron wurin likita. Idan bai gamsu ba, akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijon da za ta nuna masa ƙofar da ake bi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai kuma ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ko na Babura da Garki, wanda zai iya gabatar da koke a zauren majalisa.

Ita ma rundunar akwai abin da ya rage mata. Hana kurtu waya yana da dalili, amma barin iyaye su ji labarin ciwon ɗansu daga bakin direba ko ɗan damfara ba shi da amfani ga kowa. Abu ne mai sauƙi a ba kowane magaji lambar ofishi guda tun ranar da aka karɓi yaro, a ajiye mai jin Hausa a kanta, kuma a mayar da shi ƙa'ida cewa duk kurtun da ya kwana biyu a gadon asibiti, makarantar da kanta za ta kira gida ta faɗi abin da ke damunsa da wanda ke duba shi.